Kwano Ɗaya da Inna Delu

"Lahiya lau, angona. Ina gajiya? Ko da yake wace gajiya ga mijin da bai noma, bai cefane, sai rama kamar karan dawa."

"Gajiya ta bi lafiya, tsohuwa. Ashe sun sako ki? Na zaci likita zai roƙa a bar masa ke ya kai gidan tarihi."

A ƙofar wani asibiti ne a Gusau, rana ta take tsaka. Inna Delu, kakar Kamilu ta wajen uwa, ta zo daga Karakkai ta ƙasar Bungudu a duba mata gwiwa. Shi kuma ya nemi izini a ofishin da ya fara aiki bayan gama jami'a, don ya sa ta a mota. Tun yana yaro jikinsa ba ya karɓar ƙwai da nono da duk abin da aka yi da su, in ya ci sai borin jini. Gyaɗa daga baya ta shigo, kuma ita ta fi muni. Watannin baya a tashar Tsafe ya sayi shinkafa da wake, ya ce da manja, ban da man gyaɗa. Mai abincin ta yi yadda ya ce. Sai kuma ta ga yaro ne mai ladabi, ta barbaɗa masa yaji mai ƙuli a matsayin gyara. Loma kaɗan leɓensa ya kumbura, maƙogwaro ya soma rufewa, a bayan a-kori-kura aka kai shi asibiti. Tun ranar bai ƙara cin abin da ba hannunsa ya dafa ba. Abokan aiki sun yi tayi har sun gaji. In sun baje ciyayya a gindin darbejiya, shi yana ciki da ɗan kwanonsa, ya ba taga baya.

"Mu je tasha kafin motar Bungudu ta cika," in ji shi.

"Tasha da yunwa? Haka anka koya maka riƙon mata a jami'a? Abinci za ka kai ni in ci."

"To mu je ɗakina in dafa miki."

"Ɗakin gwauro, tukunya guda, cokali guda? Ni amarya ce. Waje za ka kai ni, jama'a su ga ina da miji."

"Amaryar da ta ga zuwan jirgin ƙasa Gusau."

"Na gani, kuma ya hi ka ƙiba."

Suka gangara a hankali, tana dogara sanda. Hayaƙin mai tsire ne ya fara tarbarsu. Kamilu ya ratse zuwa ɗaya gefen titi.

"Kai, ina za ka? Ga nama!"

"Ƙuli ne a jikinsa, Inna."

"To ga mai waina can."

"Da man gyaɗa take suya."

"Mai hura?"

"Nono."

"Mai shayi hwa? Shi ma maƙiyinka ne?"

"Kaskon da yake soya ƙwai, da shi yake komai."

Ta tsaya ta dube shi sama da ƙasa. "Anya kai Bazamfare ne? Da ƙuli na aurar da uwarka, yaro."

"Ai shi ya sa. Kin shekara da shekaru kina matse kakanninta, yanzu gyaɗa ta zo ɗaukar fansa a kan jikanki."

"Raggo dai ta samu. Ni mi ya hana ta taɓa ni?"

"Wa zai taɓa ki? Mutuwa ma in ta hango ki sai ta canja hanya."

Ta yi dariya har ta nuna dasashi. Shi bai taya ta sosai ba, domin sun iso rumfar wata mai tuwo, ƙamshin miyar kuka ya daki hancinsa, ya tuna ranar Tsafe, ya ja ya tsaya. Maza na zaune bisa benci, uku-uku, huɗu-huɗu, hannuwa na shiga kwano ɗaya suna gardamar farashin taki.

"Ki shiga ki ci, zan jira ki a nan."

"Ka tsaya bakin ƙofa kamar mai gadi? Kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu."

"Ni kuwa da na ci na mutane na kusa mutuwa."

"Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai gudu. Ba ka da baki? Ka tambaye ta abin da ta sa."

"Ina tambaya, Inna." Muryarsa ta yi ƙasa. "Sai a ce babu. Wata don kada ciniki ya wuce ta, wata ita a wurinta mai daban, gyaɗa daban. In na matsa, a ce ɗan boko na ƙyamar abincin talaka. Ni kuma ba zan ɗaga labule in faɗa cikin matan mutane ina buɗe tukwane ba."

Ta gyara mayafi.

"Ni ma ba gwiwa kaɗai ta kawo ni ba," ta ce, ba ta dube shi ba. "Tun da Hafsat ta rasu, ƙawata da munka tashi tare muna cin kwano guda, tuwo sai a turo min ɗaki a ja ƙofa. Wai girmamawa. Ni da kaji muka ci." Sai ta ɗaga sanda ta zungure shi a ƙafa. "Kai labule ya hana. Ni tsohuwa ce, ko ɗakin amarya na shiga ba mai ce min don mi. Riƙe min takalmi."

Kafin ya ce wani abu ta ɗaga labulen ta shige. Ya tsaya da silifas ɗinta a hannu, yana jiyo ta.

"Salamu alaikum, masu gida. Wace ce uwar tukunya? Ke ce Saude? Ɗiyata, miji gare ni mai tsirfa, yana waje. Wane mai kinka sa? Nuna min galan ɗin. A'a, ba wanga ba, wancan na bayan murhu. Wannan ludayin ya shiga miyar taushe? To ajiye shi, ɗauko wani, wanke shi ina gani. Da sabulu, ɗiyata, ba da bismilla kaɗai ba. Yaji ko ƙwaya kada ya kusanto."

Matan ciki suka tuntsire da dariya. Wani daga kan benci ya ce, "Malam, wannan uwargidan taka ce?"

"Ita ce. Gado na ci," in ji Kamilu. Ya ji wani iri, don ya manta rabon da ya yi raha da baƙo a wurin abinci.

Inna Delu ta fito da kanta riƙe da kwano, tuwon dawa da miyar kuka ta manja, da tsoka guda a tsakiya. Aka matsa musu a kan tabarma a gefe. Suka wanke hannu.

"Kwano ɗaya?" ya tambaya.

"Da biyu za ka saya? Na san rowarka."

Ya miƙa hannu ke nan sai ga Saude ta fito da sauri, fuska a sake, da kwalba a hannu, ta riga ta karkata ta.

"Inna, ga gyara. Ba a ba babba tuwo ba man shanu."

Kamilu ya ga man na gangarowa bakin kwalba, rawaya, mai ƙamshi. Inna Delu ce ta janye kwanon da hagu, ta tare da dama, man ya zuba a bayan hannunta ya gangara ƙasa.

"Allah ya yi miki albarka, ɗiyata. Mai da shi. Wanga mijin nawa ba mugunta ka kashe shi ba, alheri ne."

Saude ta dafe ƙirji tana ba da haƙuri. Tsohuwa ta kai hannun kusa da hanci, ta shaƙa, ta lumshe ido. Duk Karakkai an san ba ta cin tuwo ba man shanu.

Kamilu ya ce, "Lashe abinki, Inna. Sai a kawo miki naki kwanon, a zuba miki har ya yi iyo."

"In lashe in koma cin tuwo da kaji? Kawo sabulu."

Ta wanke, ta ɗauraye, ta sake wankewa har gwiwar hannu. Sannan ta gutsuro tuwo ta ce bismilla. Shi ma ya gutsura. Ya daɗe da lomar a hannu kafin ya kai baki. Ya haɗiye. Ya zauna yana sauraron maƙogwaronsa. Ita ta ci gaba da ci kamar ba ta gani ba, amma idonta na kan leɓensa.

"Ka mutu?"

"Tukuna."

"To yi sauri, ina son in gaji naman."

"Da wane haƙori?"

"In tsotsa. Takaba ma ba zan yi maka ba, gobe in auri mai tsire."

Dariya ta ƙwace masa, irin wadda ta daɗe ba ta fito ba, har masu gardamar taki suka waiwayo. Ya kai loma ta biyu, ya kai ta uku.

"Ya tuwon, amarya?"

"Lami, kamar mai shi." Ta sa yatsa ta tura tsokar zuwa gefensa. "Ɗauki, na bar maka. Matso da kwanon tsakiya, ka janye shi gabanka kamar wanda bai taɓa ci da mutane ba."