Zoben da Na Zaɓa da Idon Dillali

Duk abin da tsufa zai sa in manta, ba zan taɓa mantawa da ranar da na biya sanƙira da kuɗina ya tona mini asiri a lasifika ba. Har yau idan na tuna, sai in ji kamar in kama kaina in mara.

Ni dillalin shanu ne a kasuwar Gangara, shekara ashirin da ɗoriya. Idan sa ya gifta gabana, kafin ya kaɗa wutsiya sau biyu na san shekarunsa, na san ko dusa ya ci ya yi ƙiba ko ruwan kanwa aka ɗura masa ya kumbura. Da wannan idon nake tinƙaho, kuma shi ya kai ni ya baro.

Lokacin da aka sa ranar auren ɗiyarmu da wani ɗan gidan 'yan kasuwa na Gazawa, mai ɗakina Hajiya Mariya ta zo mini da magana. Ta ga uwar ango da zobe mai lu'ulu'u, wanda suke ce wa diyaman, ta kuma ga irin kallon da matar ta yi wa hannunta ranar kawo lefe. Ta ce ita ma sai ta sa irinsa ranar biki. Ba kuɗina ta nema ba. Bijimai biyu gare ta, shekara biyu tana ɗawainiyarsu da harawa da dusa, ta ce in sayar in sayo mata.

"Amma Alhaji, ka tahi da wanda ya san abin nan," in ji ta.

Na ce mata mutumin da yake zaɓa wa Filani shanu ba ya buƙatar ɗan rakiya wajen zaɓen tsakuwa. (Ku riƙe wannan maganar, don ni ma an riƙe mini ita.)

Akwai wani Alhaji a Agye mai zuwa Dubai yana kawo zinariya, wani lokaci har da irin waɗannan duwatsu. Na same shi a shagonsa, ya fito da zobba biyu masu kusan farashi ɗaya. Dutsen ɗaya ƙarami ne, bai wuce ƙwayar dawa ba. Ɗayan kuwa mai faɗi ne, ana hango shi tun daga bakin ƙofa. Kowanne da takardarsa da Ingilishi, da lambobi da zane-zane da tambari mai ƙyalli.

Bawan Allahn nan ya zauna ya yi mini karatu. Ya ce abu huɗu takardar take faɗa: nauyin dutse, launinsa, tsabtar cikinsa, da yadda aka yanka shi. Ya ce yankan shi ne ran dutsen. Idan gwani ya yanka, haske yakan shiga ta sama ya juyo ya dawo wa idon mai kallo. Idan aka baje shi ya yi faɗi babu zurfi don a ga girma, hasken sai ya zube ta ƙasa kamar ruwa a ƙwarya mai huji. Ya ce ƙaramin yana matakin farko a yanka, babban kuwa yana na ƙarshe.

"In ni ne kai, Alhaji, ƙaramin nan zan ɗauka. Kai su waje inuwa ka duba, hitilar shago tana yi ma kowane dutse gata."

Sai na yi murmushi a raina. A kasuwarmu, duk lokacin da mai dabba ya dage yana yabon ɗan maraƙi yana kushe bijimi, to maraƙin yake so ya rabu da shi, bijimin kuma ya yi masa wani ciniki a gefe. Ni da kaina na yi wa mutane wannan wasan ba sau ɗaya ba. Na ce a raina, yau ga wani zai sayar wa dillali dabarar dillalai. Ban fita inuwa ba, ban leƙa ɗan gilashin da ya miƙo mini ba. Na ɗora babban a tafin hannu, na ɗan jinjina shi kamar mai ɗaga cinyar rago, na ce shi nake so. Ya dube ni, ya girgiza kai, ya ce Allah ya sa albarka. Ni kuwa na ɗauki girgizar kan a matsayin baƙin cikin wanda aka gano.

Kafin in bar Agye na kai takardar wajen masu hoto aka liƙe mini ita da leda, yadda muke yi wa takardar haihuwa da ta gona. Shekara uku na yi a lakol, wato makarantar boko, Faransancin ma da ƙyar, balle Ingilishi. Amma takarda mai tambarin zinariya, a ganina, ba za ta faɗi mugun abu ba. Abin da mai shago ya ce tana faɗa kuwa, na riga na sa shi cikin ƙaryar ciniki.

Hajiya ta sa zoben a tsakar gida, ta juya hannu hagu da dama, ta ce, "Mi ya sa bai walƙiya kamar na uwar ango?"

Na ce sabo ne, bai saba da hannu ba. (Wallahi haka na ce.)

Ranar biki da la'asar, an kafa rumfa a ƙofar gida, maza a waje, mata cike da zaure da tsakar gida, sanƙira yana ta zuba kirari a lasifika. Da na bar abin haka, da an tashi lafiya, iyaka wasu mata su yi ƙus-ƙus. Amma sai na ji yana yabon uwar ango da zobenta, zuciya ta ɗebe ni. Na shiga ɗaki na ɗauko takarda, na liƙa wa sanƙira jika biyu a goshi, na ce ya sanar cewa zoben uwar amarya har shaida gare shi daga Turawa, kuma yanzu za a karanta.

Aka nemo mai karatu. Ashe ƙanin uban ango, Mushe Sale (haka muke kiran malaman boko), malamin Ingilishi ne a kwalejin Gazawa. Ya karɓa, ya duba, ya sake dubawa, ya matso kusa da kunnena.

"Alhaji, a bar wagga takarda. Mu yi maganar daga baya."

Nan ma na ga hassada. Na ɗaga murya na ce, "Mushe, karanta! Ba mu ɓoye komi a gidan nan."

Mutum ne da ba ya iya ƙarya ko ta ceton rai, irin malaman da ke ba ɗan cikinsu sifiri. Ya gyara tabarau ya fara fassarawa, sanƙira kuma, bisa al'adarsu, yana maimaita kowace jimla da ƙarfi ba tare da ya tsaya ya ji me take nufi ba. Nauyi kaza, aka yi guɗa. Launi ya ɗan ja zuwa rawaya, guɗar ta ragu. Akwai tabo a ciki wanda ido ke iya gani, mata suka fara leƙowa daga zaure. Sai Mushe ya yi gyaran murya ya ce yanka kuwa mataki biyar ne, wannan yana can ƙasa, marar kyau.

"Marar kyau ne, in ji Turawa!" sanƙira ya rangaɗa, har masallacin unguwa ana ji. Sai da maganar ta fita sannan ya gane, ya tsaya da baki buɗe.

Can cikin gida na ji muryar wata tsohuwa daga dangin ango tana cewa, "Ni dai tun ɗazu na ce kamar idon mataccen kihi." Dariya ta fashe, ta fara daga mata ta gangaro har rumfar maza. Abokan sana'ata, waɗanda na sha yi wa gorin ido, suna riƙe da ciki. Ni kuwa ina tsaye da babbar riga sabuwa, gumi yana bin bayana, ina jin haushin Mushe, da sanƙira, da Turawa, da mai shagon da ya faɗa mini gaskiya da irin muryar da mu muke faɗin ƙarya. Hajiya ba ta fito ba. An ce ta naɗe hannunta cikin mayafi, haka ta yi sallama da baƙi har aka watse. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, don bijimanta ne, fuskarta ce, ni ban kawo komai cikin lamarin ba sai baki.

Bayan kwana uku na same ta na ce zan koma Agye in roƙi arziki a musanya mini da ƙaramin, in cika daga aljihuna.

"A'a, Alhaji, bar shi. Ni kam ya yi mini."

Na ɗauka haƙuri ne irin nata, har na ji ƙwalla. Ashe aiki ta samo masa. Yanzu ko maganin zazzaɓi za a saya, ko irin gero, da zarar na buɗe baki na ce ni na san abin nan, ba ta musu. Hannu kawai take ɗagawa ta gyara ɗankwali a hankali, zoben yana fuskantata. Dutsen da aka ce ba ya mayar da haske, ni ina ganinsa ko daga bayan rumbu, in haɗiye maganata.

Abin da na koya shi ne, idan ka je sayen abin da ba shi da ƙaho, ka saurari mai shi, ka kuma nemi wanda zai karanta maka takarda a cikin ɗaki, ku biyu, kafin ka kira sanƙira.