Ranar da Dokta Anacleto Ya Kai Jif Bakin Teku

A duk faɗin Lagoa Torta, daga ƙofar coci har tashar mota, babu mai sani irin na Dokta Anacleto Brandão. Ba likita ba ne, ko ciwon kai bai taɓa dubawa ba. Tayil da fenti yake sayarwa. Amma mutumin da ya san komai ai ba a kiran sunansa gatsau, shi ya sa ya sauƙaƙa wa jama'a, ya rubuta "Dokta" da kansa a allon shagonsa. In ana hirar ƙwallo shi ne koci, in ta ruwan sama ake yi shi ne gajimare. A bayan idonsa kuwa Rediyo ake ce masa, don shi ba a mayar masa da magana.

To, wannan bawan Allah ne ya sayi mota. Kai, a ce mota ma raini ne. Jif ce ja wur, tayoyi kamar na tarakta, fitilu shida a ka, da wani bututu a gefe wai don ta yi numfashi ko a cikin kogi. Ranar Alhamis ya ɗauko ta daga birnin Fortaleza, ya zaga dandalin gari sau bakwai kafin ya tuna hanyar gida. Ƙofar gareji ta yi mata kaɗan, ya sa aka rushe bango. Littafin da aka haɗo shi da ita kuwa durowa ya jefa shi, yana cewa da marubucin zai zauna da shi awa ɗaya, da ya koma ya sake bugawa.

Washegari ya tsaya a gidan burodi, ƙafa ɗaya kan taya. "Jama'a," in ji shi, "wannan ba ta san wani abu wai shi hanya ba. Laka, dutse, rairayi, duk kwalta ne a wurinta. Jibi zan kai iyalina shan iska Ponta Branca, can gaɓar teku, kuma ba ta titin da kowa ke bi ba. Ta bakin ruwa za mu bi, teku na kallo."

Lahadi bayan an taso daga coci aka yi lodi. Matarsa Dona Zuleide a gaba. A baya 'yan matansu tagwaye, sai surukarsa Dona Quitéria mai shekara tamanin, rungume da tukunyar kaza da soyayyen garin rogo. Shi kuwa farin wando, baƙin tabarau, da hular kyaftin ɗin jirgin ruwa da ya saya takanas.

Inda kwalta ta ƙare suka tarar da wani tsohon masunci, Seu Bené, yana ɗinkin koma. Tsohon ya dubi tayoyin, ya ce a rage musu iska, kuma a yi sauri, don ƙarfe biyu teku ke juyowa.

Dokta ya zuge gilashi rabi. "Seu Bené, ka riƙe kifinka. Injiniyoyi ne suka hura iskar nan, ni kuma in sace ta don kai ka ce? Teku kuma ta jira, ba da ita na yi alkawari ba."

Tsohon ya koma kan ɗinkinsa. Wanda ya ƙi ji ai ba ya ƙi gani ba.

Gaskiya kilomita ukun farko sun yi daɗi. Rairayi jiƙaƙƙe, da tauri kamar daɓe. Tagwaye na waƙa, iska na kaɗawa, Dokta na danna hon ga masunta, da shanu, da wani kwale-kwale da babu kowa a ciki. Daɗin ne ya kwashe shi. Da suka iso bakin wani rafi inda rairayi ke da laushi kamar gari, ya taka birki don a ɗauke shi hoto.

Aka ɗauka. Ya koma ya taka totur. Jif ta yi gurnani, ta nutse taƙi ɗaya. Ya ƙara takawa, ta ƙara taƙi biyu. Kafin minti biyar ta haƙa wa kanta rami mai kyau ta kwanta a kan cikinta kamar saniya mai tuƙa.

Jama'a suka taru, wasu da kwakwarsu a hannu suna zuƙa. Dokta ya yi musu bayanin cewa laifin rairayin ne, ba mai inganci ba ne, kuma zai rubuta wa hukuma. Ya ba da umarni kowa ya sauka a tura. Dona Quitéria ta gyara riƙon tukunya. "Na shigo ne a kai ni, Anacleto, ba in kai ka ba."

Sai igiyar ruwa ta farko ta zo ta lashi tayar baya. Ta biyu ta kai rabinta. Tagwaye suka bar waƙa suka fara kuka. Dokta ya riƙe sitiyari. Ya ga jif ɗinsa ta kwana uku ta zama gidan ƙaguwa, ga tsohuwa a ciki. Ya buɗe baki, karo na farko a tarihin Lagoa Torta, bai sami komai a ciki ba.

Dona Zuleide ta cire fil ɗin gashinta ta sauka. Ta bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya tana sace musu iska har suka baje. Ta roƙi masunta suka tona gaban kowace taya suka shimfiɗa ganyen kwakwa. Sannan ta zo tagar direba ta ce da taushin murya, "Anacleto nawa, sauko ka ba su umarni daga baya. Sun fi jin muryarka."

Wannan shawara ta kwanta masa. Ya sauka, ya dafa bayan mota, ya fara ƙirga wa mutane ɗaya, biyu, uku.

Ita kuwa ta zauna a kujerar direba, ta ja wata 'yar ƙaramar giyar mota da ko ledarta ba a cire ba. Ashe tun daga Fortaleza da taya biyu jif ke tafiya, sauran biyun rakiya suke yi. Mahaifin Zuleide shekara talatin ya yi yana jigilar gishiri a wannan gaɓa, kuma tun tana 'yar sha huɗu take karɓarsa tuƙi. Shekararsu ashirin da biyu da aure Dokta bai taɓa jin labarin ba, don bai taɓa yin shirun da za a ba shi ba.

Jif ta yi tari, ta miƙe, ta fice fit. Duk lakar da ta kwasa ta juye wa Dokta, daga hula har farin wando. Kuma ba ta tsaya ba, don wanda ya san rairayi mai laushi ba ya tsayawa a kansa. Yana ihu yana ɗaga hannu, Dona Quitéria na ɗago masa nata ta gilashin baya. Igiyar ruwa ta zo ta karɓi takalminsa ɗaya.

Kilomita huɗu ya taka da ƙafa. Bai ɓata lokacin ba, jawabi ya shirya a hanya: da gangan ya yi, don iyali su koyi dogaro da kai.

A Ponta Branca ya tarar da jif a inuwar kwakwa, an kewaye ta, ana yi wa Dona Zuleide tafi, an ma fara raba kaza. Ya kutsa, ya ɗora hannu kan bonet, ya gyara murya. "Jama'a, kamar yadda na tsara tun farko..."

Mai rumfar soyayyen kifi, wadda ba ta taɓa ganinsa ba, ta taso da ludayi a hannu. "Kai, bawan Allah, ɗauke hannunka! Za ka ɓata wa baiwar Allah motarta."

Dona Quitéria ta gama tsotse ƙashin da ke bakinta tukuna.

"Ƙyale shi, 'yata, tare muke. Shi ne mai turi."