Bargon Ya Gana

"...da kwanan jiki, amarya?"

"Jiki lafiya lau, ido ne dai ya yi mugun gani da sassafe. Wa ya bar ƙofa a buɗe har Bafillace ya shigo?"

Babayo ya tsuguna a bakin ɗakin kakarsa yana dariya. Ya Gana ce ta haifi uwarsa, Babarbariya ce gaba da baya, shi kuwa ubansa Bafillace, don haka wasa biyu ke tsakaninsu, na jika da na ƙabila, kuma ba wanda take ɗaga masa ƙafa a kai. Tun da ya ɗauko ta daga Katagum ya dawo da ita gidansa a Azare, 'yarsa Jannatu mai shekara biyar ta tare a ɗakinta. Nan take cin tuwo, nan take barci.

Abin da ya kawo shi tsutsa ce, irin fararen nan sirara kamar zare, masu sa yaro susar dubura har barci ya gagare shi. An ba yarinyar magani ta warke, abin ya dawo. An sake, ya sake dawowa. Jiya matarsa Murja ta dawo daga asibiti da ƙwayar kowa da kowa, ta wanke shimfiɗun gidan kaf da ruwan zafi, sannan ta yanke hukunci: in ba a wanke bargon tsohuwa ba, Jannatu ta daina kwana a ɗakin. Amma Murja ba ta da fuskar faɗa wa tsohuwa haka. Sai ta turo wanda zai faɗi komai a ce wasa ne.

Bargon kuwa yana nan lulluɓe a kan kabbasa, wato kwandon turara kaya, kasko na ƙarƙashi, hayaƙin turare na tsattsafowa ta jikinsa. Ba mai tuna ranar da ya ga ruwa.

"Kyauta na kawo miki." Ya buɗe tafin hannunsa.

"Bafillace da kyauta? Mece ce, in ji tsoro tun yanzu?"

"Maganin tsutsa."

"Kai wa shanun ubanka."

"Sun sha nasu, su ba su da gardama. Ke kika rage."

"Ni? Cikin nan da ya tsufa yana cin barkono? Tsutsar da ta shiga cikina sai dai a fito da gawarta."

"Sista Priskila ta asibiti ta ce kowa zai tauna, mai ƙaiƙayi da marar ƙaiƙayi, a kuma maimaita bayan sati biyu. Ni ma na tauna tawa."

"Kai ai da su aka haife ka. Dubi wuya kamar na zalɓe. Duk nonon da ka sha a duniya su suka shanye."

"Ke kuma tsagen nan na fuskarki, ashe hanya aka share musu."

"Tsagen sarauta ne, bawa! Ba ni nan."

Ta fizge ƙwayar, ta jujjuya ta, ta kai ta can kusurwar baki inda sauran haƙoranta suka yi gudun hijira. Ta tauna tana harararsa.

"Ko ɗaci babu. Maganin da ba ɗaci ai alewa ce. An cuce ka."

"Na yarda. Saura farce, a yanke naki da na Jannatu. A nan ƙwan ke maƙalewa in ta yi susa, daga nan sai baki."

"Yanke. Ai ƙafafuna ma kai ya kamata ka riƙa wankewa."

Babayo ya ga abu na tafiya salin-alin, sai ya ƙara matsowa. Shi ma ya san duk wannan share fage ne.

"Sai kuma wancan." Ya nuna da haɓa.

"Wanne?"

"Tsohon mijinki da kike turarawa."

"Kul! Bargon nan ya fi ka tsabta, ya fi ka asali. Kullum sai na kakkaɓe shi na turara shi. Turarena sauro yake kora, ya kori aljani, Fulani ne kawai ya kasa kora."

"Kakkaɓar ce ma ke watsa ƙwan cikin ɗaki. Turaren kuwa ƙamshi yake ƙara musu. Duk faɗin Azare babu tsutsotsi 'yan gayu irin na ɗakin nan."

"Ka taɓa ganin ƙwan da idonka?"

"Ba ya ganuwa."

"To abin da ba ya ganuwa hayaƙi ne maganinsa. Ruwa na masu warin saniya ne."

"Amarya, sai an wanke shi da ruwan zafi da sabulu, a shanya a rana."

"A wanke ka."

"In ba a wanke ba, Jannatu za ta koma ɗakin uwarta. Daga yau."

Wannan bai fito da sigar wasa ba, duk da ya so ya fito. Ya Gana ta ɗauki tsinke ta shiga tonon garwashin da ba ya bukatar tono.

"Wa ya ce?"

"Gidan ne ya ce."

"Gidan yana da ɗankwali ke nan." Ta ajiye tsinken. "Shekaranjiya Jannatu ta yi ta mutsu-mutsu tana kuka, wai Kaka ana cizona. Na ce ko sauro ne, na ƙara mata hayaƙi."

"Ba sauro ba ne."

"Na ji, malamin tsutsa." Ta shafa gefen bargon. "Ka san shekarun da na yi ina tara ƙamshin nan? Ranar da ka kwaso ni daga Katagum, gadona ka ce ba zai shiga mota ba, randata ka ce za ta fashe. Wannan kaɗai ya biyo ni. In na rufa da shi, sai in ji kamar ina ɗakina."

Tausayinta ya kama Babayo ƙwarai, har ya rasa abin tsokana, shi da bakinsa ba ya mutuwa.

Ita ce ta cece shi. Ta miƙe da ƙyar, ta zare bargon daga kan kabbasa, ta naɗe shi a hankali ba tare da ta kakkaɓe ba, ta dangwara masa a cinya.

"Da hannunka za ka wanke. A tsakar gida, mata na kallo."

"Ni, maigida guda?"

"Maigida a wajen wa? Tun kakanninka wanki kuke yi mana. Kuma ka shanya inda rana ta fi zafi, ina son ya bushe kafin magariba. Yarinyar nan ba ta iya barci sai a ɗakin nan."

Ya kai bakin ƙofa da bargo a hammata, sai ya waiwayo.

"Yarinyar, ko ke?"

Ta kwance bakin zanenta, ta ciro goro ta jefe shi da shi, tana dariya ƙasa-ƙasa.

"Ungo ladan wanki, ɗan nema. Ita ko a kan turmi ka ajiye ta barci za ta yi. Ni ce ba na iyawa."