Wa'azin Tsutsar Ciki

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ina ajin share fagen karatun likita, fargabar jarrabawa duk ta ramar da ni. Da na zo hutu Shinkafi sai na ƙirƙiro dabara: in naɗi karatuna a kaset, in riƙa saurare ko wanka nake. Mai basira irina ba ya ɓata lokaci a kasuwa, don haka na naɗa a kan wani kaset ɗin Baba, na kuma manta shi cikin rediyonsa.

Ranar Juma'a abokan Baba suka zo daga Zurmi, ya ce su saurari wa'azin da ya sayo a Kaura. Malam ya yi bisimilla ke nan sai muryata ta katse shi: "Tsutsar ciki tana fita ta dubura." A kaset ɗin na yi tari, na ƙara da cewa, "Daure, Dokta, kai kaɗai ne hasken Shinkafi."

Alhaji Bawa, babban amininsa, ya gyara rawani. "Wanga malami, ina ya yi karatu?"

Baba ya dube ni kawai.

Yau har furfura gare ni, amma da an ɗauke wuta a gidanmu sai ka ji an ce, "A kirawo Hasken Shinkafi."