Kawu Nomau da Ƙofar Tanderu

Ku bari in ajiye jaka in ba ku labari, ko takalmi ban cire ba. Yau Kawu Nomau ya fitar da mu kunya, mu shida masu jarrabawar girki. Amma sai kun san shi tukuna.

Kawu Nomau ƙanen Ummata ne. Gidansa na bayan makarantarmu, ɗaki biyu da rumbu, shi da matarsa Inna Tabawa da wata tsohuwar akuya mai ƙaho ɗaya. Ba ya faɗa da kowa, sai dai abin da ka ce masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Shi ke share ɗakin koyon girkinmu. A ɗakin akwai wani tsohon murhun lantarki da ya girmi malamanmu kaf, a jikin bango aka gina shi. Samansa kai huɗu ne, kowanne da baƙin ƙarfe a nannaɗe kamar maganin sauro, in an kunna sai ya yi ja. Ƙasansa kuma tanderu ne na gasa kek. Shi kaɗai gare mu. Malamarmu ta girki, Malama Hansatu, ta gaya mana tun farkon zango cewa mai jarrabawa za ta zo daga birni rana ɗaya tak, in ba ta ga kek ɗin da muka gasa a gabanta ba, to sai baɗi.

Wata rana Malama ta ga maiƙo ya daskare a kan murhun, ta ce wa Kawu ya goge shi tas, kada ta zo gobe ta ga baƙi ko ɗaya a jikinsa. Ya goge da toka, ya goge da yashi, ƙarafunan nan huɗu suka ƙi yin fari, domin da ma haka aka ƙera su. Sai ya zare su, ya haɗa da maɓallan kunnawa tunda su ma baƙaƙe ne, ya zuba a buhu ya kai gida. Da safe Malama ta tarar da ramuka huɗu suna kallonta. Ni aka aika in karɓo. Na sami Inna Tabawa ta ɗora randarta a kan ɗaya, tana cewa ba ta taɓa samun abin da ya zaunar mata da ita daram haka ba. Da ƙyar ta ba ni.

Wata rana kuma muna son gwaji, ga shi kwana biyu babu wuta. Malama za ta je suna a ƙauyen su mijinta, ta ce masa da zarar an kawo wuta ya zo ya gaya mata duk inda take. Ana kawowa ya ɗaura takalminsa ya kama hanya, tafiyar awa biyu a ƙafa. Ya kutsa har tsakiyar mata ya durƙusa ya ce an kawo wuta. Malama ta bar tuwonta, ta hau acaɓa, ta iso ta ga ko ƙwan fitila ɗaya ba ya ci. Da ya dawo ta tambaye shi yaushe aka ɗauke.

Ya ce, "Tun ina ɗaura takalmi, Malama."

Ta ce to me ya hana shi faɗa mata?

Ya ce, "Na kawowa kika ce in faɗa."

Wata rana, saura mako ɗaya jarrabawa, ƙarfen da ke cikin tanderun daga ƙasa ya yi tartsatsi ya tsinke a tsakiya. Shi ne mai ba da zafin gashi, in babu shi babu kek. Malama ta naɗe shi a jarida ta ba Kawu, ta ce ya je birni ya nemo irinsa sak. Kwana uku ba a gan shi ba. Ashe masu shago biyu sun fito masa da lafiyayye, ya gwada da nasa ya ce a'a, wannan bai tsinke ba. Sai a wurin 'yan gwangwan ya dace. Ya dawo yana murmushi, ya shimfiɗa su biyu a kan tebur, duk ƙonannu, duk a tsinke a wuri ɗaya. Malama ta zauna a kan benci ta riƙe kai. Ni kam na shiga banɗaki na yi kuka. Washegari ita da kanta ta tafi da Jatau mai gyaran lantarki suka sayo, aka ɗaura jiya da yamma.

To yau fa. Mai jarrabawa ta iso da safe, wata Hajiya doguwa mai tabarau, ba ta dariya. Akwai wuta, muka gode wa Allah. Muka kwaɓa, muka zuba a gwangwanaye shida, muka saka. Muna rufe ƙofar tanderun sai ta sako ƙasa, ashe ƙarfen da ke jan ta ya gaji. Muka sake rufewa, ta sake sakowa. Malama ta kira Kawu, ta ba shi tsumma, ta ce, "Malam Nomau, danne ƙofar nan. Kada ka saki sai na ce ka saki." Nan Hajiya ta ce malamar darasi ba ta zama a ɗakin jarrabawa, Malama ta fita.

Minti ashirin ana gashi, fanka ta tsaya. An ɗauke wuta.

Ƙawata Ladingo ta fara salati. Muka hango Malama ta taga ta nufi gari da gudu, neman gawayi. Mu kuma muka yanke shawarar mu fito da kek ɗin mu ƙarasa shi a tukunyar yashi, kamar yadda ake yi a gida. Na je na ce, Kawu, matsa. Ya ce a'a. Na haɗa shi da Allah, na haɗa shi da Umma, ya ƙara danna kafaɗa. Hajiya ta taso ta ce ita ce babba a ɗakin nan, ya buɗe.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ba ke kika ce in danne ba."

Aka kira shugabar makaranta. Ta lallashe shi, ta yi masa tsawa, har ta ce za ta sallame shi daga aiki. Ya ce to, in Malama ta dawo ta ce ya saki, sai a sallame shi. Gumi na zuba masa har cikin ido, bai goge ba, don hannuwansa biyu na kan ƙofa. Hajiya ta dubi agogonta ta ce saura rabin awa ta rufe takardarta. Muka jeru a jikin bango.

Sai da aka yi minti ashirin da biyar Malama ta shigo da buhun gawayi a ka, mayafinta duk ya yi baƙi. Ta ga abin da ake ciki, ta ce, "Saki, Malam Nomau, an riga an yi asara."

Ya saki. Ƙofa ta sako. Wani ƙamshi ya bugo mu, wallahi har 'yan aji ɗaya sai da suka leƙo ta taga. Kek shida sun tashi sun cika gwangwani, samansu ja-ja, ko ɗaya bai lotsa ba. Hajiya ta soka tsinke a nawa, ya fito a bushe. Ta ɗora hannu a jikin bangon ta ce irin wannan tanderun na dā kauri gare shi, yana riƙe zafi kamar na masu gurasa, da mun buɗe da zafin ya tsere, kek ya zauna ya zama ƙullu. Ta yanka ta ci, ta sake yanka ta ci. Ta yi rubutu, ta ɗago ta ce mu shida babu mai dawowa baɗi. Ladingo ta ruƙunƙume ni har muka faɗi a kan buhun gawayi.

Sannan Hajiya ta cire tabarau ta juya wajen Kawu, ta tambaye shi a ina ya koyi sirrin gashi haka, tunda ita kanta sai da ta ce a buɗe.

Kawu yana hura tafin hannunsa ya ce, "Ashe gashi ake yi a ciki?"