Sanarwar Rasuwar Don Anacleto, Injin Numfashi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ta kasa zama wuri ɗaya, Don Eustaquio Cabañas na unguwar bayan tasha a Villarrica, tsohon makanikin bas, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar Don Anacleto, injin numfashin da ya zauna a gefen gadon matarsa, Ña Liboria Ocampos, fiye da shekara guda. Ya cika ranar Talata da la'asar, a ɗakin da ya yi hidima, bayan doguwar jinya ta rashin aikin yi.

Marigayin ya shigo gidan ne tare da Ña Liboria, ranar da aka sallamo ta daga ɗakin kulawa ta musamman a Asunción, babban birni. Duk wanda ya taɓa sauka a tashar Villarrica ya san muryarta, mai tallan chipa, burodin rogo da cuku, wadda kiranta ke danne ƙugin injin bas. Wani ciwon jijiya ya kama ta daga tafin ƙafa, ya yi ta hawa har ya kai ƙirji, numfashi ya gagare ta. Likitoci suka huda maƙogwaronta, suka saka bututu, suka haɗa ta da injin. Da watanni suka yi nisa aka ce ta koma gida da shi, aro, har jikinta ya tuna aikinsa. 'Ya'yanta ne suka raɗa masa sunan wani kawunta da ya shahara da minshari.

Mutum ne mai riƙon amana, in za a ce da inji mutum. Bai taɓa makara da numfashi ɗaya ba. Maganarsa ba ta wuce "fuuu, tak, fuuu, tak" ba, sai in ruwa ya taru a mesa ya yi "kit-kit-kit" har a zo a zubar. Ranar da iska ta kayar da falwaya unguwar ta yi kwana biyu babu wuta, ya lallaɓa da batir bai yi ƙorafi ba. Don Eustaquio, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana sauraren injuna, ya shaida bai taɓa jin mai tsabtar murya kamarsa ba. Kullum da safe yakan goge shi da tsumma mai laushi kafin ma ya wanke fuskarsa.

Ciwon ajalinsa ya fara ne ranar da Zunilda, nas ɗin da ke zuwa gidan, ta ce lokaci ya yi da za a fara yaye Ña Liboria. Za a cire mesar na ɗan lokaci da safe, ta ja iska da kanta, gobe a ƙara kaɗan. A nan hankalin maigidan ya tashi, kuma bai kwanta ba har yau. Da an cire mesar sai ya tsaya a kan matarsa riƙe da ita, yana leƙen leɓenta ko ya canza launi, ya je taga, ya dawo, ya taɓa injin, ya koma taga. Sau da yawa ya mayar da mesar tun lokaci bai cika ba. Ña Liboria ba ta da murya a lokacin, sai ta riƙa buga cokali a ƙarfen gado don haushi. Zunilda ta gaji ta kore shi bakin ƙofa da butar tereré ɗinsa, shayin ganye mai sanyi, ta ce ya je ya ƙirga motoci. Bai ƙirga ko ɗaya ba, kunnensa na ɗaki.

Ana nan aka saka mata wani ɗan murfi a bakin bututun, mai barin iska ta bi ta wurin murya. Gida ya cika, kowa na jiran kalmarta ta farko bayan shekara. Ta daɗe tana tari, sannan ta dubi mijinta ta ce da wata murya kamar ta tsohon ƙyaure:

"Tsoho, ka nemi kujera. Jiri kake sa ni."

Dariya aka yi, har da shi, sannan ya fita bayan gida ya daɗe bai dawo ba.

Ya kamata a faɗa, don mutuncin marigayin, cewa ya taɓa farfaɗowa. Da sanyin Yuli, hunturun ƙasar nan, ya shigo da iskar kudu, ƙirjin Ña Liboria ya kamu, zazzaɓi ya rufe ta, wata safiya numfashi ya sarƙe mata har idonta ya juye kafin a haɗa mesar. Don Anacleto ya karɓi aikin dare da rana kamar bai taɓa hutawa ba. Ciwon ya wuce, amma tsoro ya zauna. Matar da ke buga cokali don a cire mesa ta koma riƙe ta da hannu biyu. Zunilda ta yi lallashi, likita ya zo ya yi bayani, 'ya'ya suka yi roƙo, ta juya fuska ga bango.

Nas ɗin ta sami Don Eustaquio a ƙarƙashin mangwaro ta gaya masa gaskiya: in aka bar ta haka, ƙirjin zai sake mantawa, kuma ba kowane mantuwa ake dawowa daga gare shi ba. Ta ce maganarsa kaɗai matar za ta ji. Ya zagaya bishiyar ya fi a ƙirga kafin ya shiga. Shi da ya fi kowa son jin "fuuu, tak", shi ya zauna a bakin gadon ya ɗora hannu a kan mesar.

"Libo, ni ma tsoron nake ji, ya fi naki. Amma Anacleto baƙo ne, ba zai tsufa da mu ba. Sakar min."

Ta saki. Da hannunsa ya cire, kuma bai mayar ba sai da Zunilda ta gyaɗa masa kai.

Daga nan marigayin ya yi ta ja baya. Ya rasa safiya, ya rasa yini, ya koma aikin barci kaɗai, sannan barcin ma aka fara gwadawa babu shi, ana kunna shi a gefe don ko-ta-kwana. Ranar Talatar nan, bayan Ña Liboria ta farka daga barcin rana da ta yi da ƙirjinta, likita ya duba ta ya ce ya isa. Ya miƙa hannu zai kashe, maigidan ya ce a bar masa. Don Anacleto ya yi "piii" guda ɗaya mai tsawo, fankar cikinsa ta ɗan juya, ta tsaya. Allah ya sa ya huta.

Ya rasu ya bar ƙaninsa injin zuƙe majina, da tukunyar oksijin, da batir biyu, ɗaya ya tsufa, da kwalin mesa da ba a buɗe ba. Ya bar Ña Liboria, wadda aka cire wa bututu, hudar ta kama rufewa, kuma tun daga ranar ba ta yi shiru ba. Ya bar Don Eustaquio, wanda shirun ɗakin ya hana shi sakat: ya gyara famfon da bai lalace ba, ya kwance keken jikansa ya ɗaura, kuma ko yana tsakiyar cin abinci sai ya tashi ya leƙa ya ga ƙirjinta na motsi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan an taso daga coci. Maigidan da kansa zai yi masa wankan ƙarshe, a naɗe shi a bargo, a saka shi a kwalinsa, a ɗora a bayan a-kori-kurar babban ɗansu zuwa asibitin da ya ba da aronsa. Ba a buƙatar furanni. Akwai chipa mai zafi, mai ita ce ta kwaɓa a zaune. Iyalin na ba da haƙuri cewa Ña Liboria ba za ta raka gawa ba, domin ranar ce likita ya yarje mata ta yi wanka na sosai, ta kwara bokiti tun daga tsakar ka, abin da ba ta yi ba tun da aka huda wuyanta. Masu ta'aziyya da suka ji ihu daga bayan gida kada su tashi, ruwan ne da sanyi.