Yadda Za Ka Ƙwato Mara Lafiyarka Daga Hannun Takardar Gwajin Jini

Kai da likita ta riƙe maka ɗan'uwa saboda wasu lambobi, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari yau zai kwana a gida. A kan yayana Abdulmalik, mai turare a Jakara, na gwada su shekarar korona, kuma wallahi an sallame mu.

Mataki na ɗaya: Yi wa bitamin dariya

Likita Zaituna za ta ce bitamin D ɗinsa ya yi ƙasa, wanda jiki ke samu daga rana. Ka tafa hannu ka ce, "Rana? A Kano? Haba Likita!" Kul ka faɗa mata shekara talatin Yaya na shiga rumfa mai duhu da sassafe, ba ya fita sai magariba. Wannan sirrin gida ne.

Mataki na biyu: Bar ladabi ya yi aikinsa

Ɗan cikin gari ba ya kai ƙarar jikinsa. In ta ce, "Alhaji, ya jiki?" zai ce, "Da sauƙi," ko da sai ya huta sau biyu kafin ya ƙarasa. Maza ka cafe: "Kin ji da kunnenki."

Mataki na uku: Mai da zancen wa'azi

Za ta nuna maka layi biyu, ta ce alamar kumburi da ta daskarewar jini sun hau sosai, masu irin wannan sakamako da yawa ba sa tashi in ba a ba su gado da iskar numfashi ba. Kada ka kalli takardar. Kalli sama ka ce, "Ashe yanzu a kwalba ake ganin ajali?" Za ta miƙo maka takardar sallama. Sa hannu, ka tare ɗan adaidaita sahu ku tafi gida.

Mataki na huɗu: Tara 'yan dubiya

Rufe taga, ka cika ɗakin da dangi. Gwaggo Luba za ta zo da citta da tafarnuwa, maƙwabci da zuma da lemon tsami. Kowa likita ne a unguwarmu Koki, kuma ba mai neman jinin kowa.

Na biyar

Matarsa Tani za ta tare ka a soro: "Don girman Allah ku mai da shi asibiti. Daga tsakar gida nake jin numfashinsa." Ka ce mata, "Ku mata da tsoro!" Ka wuce masallaci.

Hattara

Sallama na yi maka alkawari, ban ce komai a kan abin da zai biyo baya ba, don haka babu ruwana. Yaya kwana huɗu ya yi a gida, a na biyar muka kai shi makwancinsa. Tani ba ta taɓa zagina ba, gaisuwa ce kawai ta daina amsawa, kuma abin na cina. Na kai takardar gwajin nan wurin likitoci uku, ko za a samu wanda zai ce min na'urar ce ta yi kuskure. Gobe zan gwada na huɗu.